Inda Motar Hannelore Take Kwana

Fitilar ta kama ne ranar Alhamis da hantsi, Ottmar Knödler yana hawo tudun Lautersteig zai koma gida. 'Yar ƙaramar fitila ce ruwan ɗorawa a allon da ke bayan sitiyari, da haruffa uku cikin da'ira, ABS. Duk wanda ya taɓa tuƙi a tsaunukanmu ya san abin da take faɗa: birki yana nan, amma na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka da ƙarfi a kan santsi ta ajiye aiki. Ya tsaya a gefen hanya ya kashe motar, ya sake tayarwa. Fitilar ta dawo. Ya zage ta son ransa, ita kuwa ta ci gaba da kallonsa har ƙofar gida.

Shekarunsa sittin da takwas, arba'in daga ciki ya yi su yana gyaran injinan saƙa, saboda haka ba mutumin da za a ce wa ya kai mota gareji a kan fitila ɗaya ba ne. Motar ma asali ba tasa ba ce. Ta matarsa Hannelore ce, wadda ta rasu wata goma sha huɗu da suka wuce. Da ta rasu ya sayar da tasa babbar ya riƙe ƙaramar, domin a wajenmu tsoho ɗaya da mota biyu abin magana ne har a wurin mai sayar da burodi.

Ga inda matsalar take. 'Yarsa Silke ce ke zaune a saman benen gidan. Ma'aikaciyar lantarki ce, kamfaninsu yana tura ta garuruwa harhaɗa injina, ta fita Litinin ta dawo Juma'a. Kullum da yamma takan bugo waya ta tambaye shi ina ya je yau, shi kuma ya ce wurin mai burodi da maƙabarta, sai ina kuma. Alhali tun watan Janairu, daren Talata da na Laraba a Lautersteig yake yin su, a gidan wata mata da mijinta ya rasu, Irmtraud, wadda suka haɗu a layin asibitin ido. Kilomita talatin da huɗu ne tsakani, babu bas ɗin da ya haɗa ƙauyukan biyu, ƙarshen hanyar kuma gangare ne mai kwana goma sha ɗaya wanda har a watan Afrilu yakan wayi gari da ƙanƙara. Talata mai zuwa Irmtraud za ta cika saba'in, ta kira 'ya'yanta maza biyu takanas don su ga mutumin da take ta ba su labari. In bai je ba, ya san irin matar, ba za ta yi faɗa ba, za ta dai daina ɗaga waya.

Da wannan fitila a kunne ba zai sauka gangaren nan ba, ba shi da wannan wautar. In kuwa Silke ta ji labarin fitila, za ta karɓe aikin daga hannunsa, ta zauna a kujerar direba, kuma abu na farko da idonta zai sauka a kai shi ne lissafin kilomita. Mai burodi da maƙabarta ba sa cin kilomita dubu a wata uku. Yana son 'yarsa, yana kuma tsoron fuskar da za ta yi, ita da har yanzu ba ta yarda an taɓa rigunan uwarta a kabad ba.

Ranar Alhamis ɗin ya duba abin da ake fara dubawa. Fis lafiya lau. Man birki yana kan layi. Ya ɗauko 'yar na'urar binciken da ya saya bara don kawai ta yi arha, ya durƙusa ya cusa ta a soket ɗin ƙasan sitiyari, ta yi 'yan ƙyafce-ƙyafcenta ta ba shi wata lamba. Ya nemo fassarar lambar a littafi da tabarau biyu a hanci: ƙafar gaba ta hagu, saƙo ba ya zuwa daga sensa, ɗan abin da ke lura da juyin taya. Abin ya ba shi haushi. A zamaninsa inji da bakinsa yake gaya maka inda ke masa ciwo, ka kasa kunne ka ji. Yanzu sai ya ba ka lamba kamar kana layin ofishin haraji. Sai ranar Juma'a da la'asar ya samo sabon sensa ya ɓoye a bayan gwangwanayen fenti, da yamma Silke ta dawo, ya yi mata miyar dankali, suka yi hirar yanayi.

Asabar ya sa wa rai, don bai yarda ya bar aikin sai Litinin, jajibirin tafiya, ba. Silke ta ce za ta sauka Reutlingen sayayya da gyaran gashi, sai wajen ƙarfe ɗaya. Daga ɗaya zuwa uku lokacin hutun rana ne, wanda ya buga guduma a lokacin sai ya ga takardar ƙorafin maƙwabta a akwatin wasiƙunsa. Lahadi kuwa ko bonet mutum ya ɗaga sai labule ya motsa a gida shida. Saboda haka motar Silke tana ɓacewa a kwana, ya jawo jak.

Kwance taya bai ɗauke shi minti goma ba. Sensa ne ya ƙi. Wani ɗan abu ne kamar yatsa, a cuse cikin rami bayan faifan birki, noti ɗaya tak ke riƙe da shi, amma gishirin da ake watsa wa hanyoyinmu duk hunturu ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikinsa a wurin. Notin ya fito da rabin kansa. Sensan kuwa ya zama ɗaya da ƙarfen. Ya fesa mai, ya jira, ya murɗa da filaya a hankali, ya lallaɓa shi kamar mai cire wa jariri ƙaya, sai ji ya yi ƙas, kan ya tsinke a hannunsa, gindin ya zauna daram a cikin ramin.

Daidai nan Wendelin Bausch ya ƙaraso bakin shinge da tsintsiyarsa. Maƙwabcinsa ne na shekara talatin, tsohon mai raba wasiƙu, kuma har yau bai daina ɗaukar sanin shige da ficen kowa a matsayin aikinsa ba. Ya gama share gaban gidansa tun takwas, tsintsiyar ta zama sandar dogarawa.

"Sannu da aiki, injiniya. Me ta yi maka da sassafen nan?"

Ottmar ya ce fitilar ABS ce, ba wani abu ba, yanzu zai gama.

"Ai dole ta gaji," in ji Wendelin. "Mota ma tana son hutu. Yawan ziyara ba ƙaramin aiki ba ne, balle ga tsofaffi."

Ottmar ya yi kunnen uwar shegu da shi, ya shiga ɗauko na'urar huda. Da ya fito Wendelin yana nan, har ya gyara tsayuwa. Ya tambaya ko an duba aikin marda ne, dabbar nan mai kamar tunku da ke shiga injin mota da dare don ɗumi. Ottmar ya yi tsaki. Ya ce nasu mardan shekara tara yana cikin tarin itacen bayan gida, kullum sawunsa na kan gilashi, bai taɓa saka haƙori a motar nan ba, tun Hannelore na da rai har ƙwai take ajiye masa.

"Na san naku," Wendelin ya ce. "Ba shi kaɗai nake nufi ba. Ka dai yi tunani."

"In tunani ne aikinka, je ka yi a gidanka. Na'ura ta ce sensa."

Da ya tsaya ya saurara da ya huta. Amma mutum in ya kashe kuɗinsa a kan abu, ya kuma ɓoye shi a bayan fenti kwana guda, ba ya son jin cewa wataƙila ba shi ne maganin ba. Ya kwanta a kan kwali ya shiga huda robar da ta maƙale, kaɗan-kaɗan, yana tsoron kada bakin ya zarce ya taɓa zoben haƙoran da ke ciki, wanda sensan ke ƙirgawa in taya na juyawa. Tsatsa na zubo masa a ido, gwiwarsa ta hagu na tuna masa shekarunsa. Sai ƙarfe goma da rabi ramin ya fita tas. Ya goge, ya shafa mai, ya zura sabon, ya haɗa soket ɗinsa, ya mayar da taya. Ya goge lambar da na'ura, ya tayar da mota. Fitilar ta kama ta mutu kamar yadda ya kamata.

Ya kalli Wendelin ta taga da irin kallon da ba ya bukatar magana, ya ja mota zuwa ƙarshen layi. Yana karya kwana a gaban coci ta dawo.

Da ƙyar ya hana kansa dukan sitiyari. Ya dawo ya sake ɗaga motar, ya sake kwance tayar da ya ɗaure minti biyar da suka wuce. Ya ce to zoben ne. Ya haska tocila ta ramin yana juya ƙafar da hannu, haƙori bayan haƙori, arba'in da wani abu, babu wanda ya karye, babu tsaga. Ya goge su duk da haka. Ya ce to sabon sensan ne na banza, irin kayan yanzu. Ya ɗauko mita ya auna shi, ya ba shi daidai abin da littafi ya ce. Don neman abin zargi har guntun tsohon ya tsinto daga kwandon shara ya auna ragowar wayarsa, sai ya ga alama shi ma lafiyarsa ƙalau kafin ya karya shi. Wato awa biyu da rabi ya yi yana kashe abin da ba shi da laifi. Ya zauna a kan tayar da ya cire, hannuwa baƙi ƙirin, yana jin kamar ya haɗiyi zuciya.

Ƙarfe goma sha biyu saura kwata motar Silke ta shigo layin. Mai gyaran gashin ce ba ta da lafiya.

Ta shigar da ita garejin gidan, ta fito da jakunkuna biyu ta tsaya tana kallon motar uwarta a kan jak, ƙafa ɗaya a tsirara. Ba ta yi faɗa ba. Ta gaida Wendelin, ta ajiye kayan a matakala, ta ce, "Tun yaushe, Baba?" Ya ce tun Alhamis. Ta tambayi dalilin da bai gaya mata jiya ba, ya ce bai so ya dame ta da ƙaramin abu, ta gaji. Ta cire agogonta ta sa a aljihu, ta zura tsohuwar rigar aikinsa da ke rataye, ta ce ya faɗa mata duk abin da ya yi, bi da bi.

Ya faɗa, yana tsaye ta yadda jikinsa ya tare ƙofar direba. Ya riga ya shirya abin da zai ce game da kilomita: yawo yake yi shi kaɗai in gidan ya yi masa faɗi, ya hau tsauni ya sauko. Ƙarya ce mai kyau, har da ɗan tausayi a cikinta, kuma ya ji kunyar kyanta.

Amma Silke ko kallon kujerar direba ba ta yi ba. Ta ce na'urarsa ba ta ce sensa ya mutu ba, cewa ta yi saƙo ba ya isowa, kuma tsakanin mai aika saƙo da mai karɓa akwai hanya. Ta cire soket ɗin wajen taya, ta haɗe bakin wayoyin biyu da guntun ƙarfe, ta ɗaga bonet ta zare babban soket ɗin akwatin ABS, ta dasa mita a can. Ta ba shi mitar ta ce ya riƙe, ya faɗa mata in lambar da ke fuskarta ta motsa. Sannan ta shiga bin wayar da yatsu, taƙi bayan taƙi, tana lanƙwasawa, daga bayan taya zuwa cikin inji. Shi da ya koya mata riƙe sukudireba tana 'yar shekara shida, ga shi tsaye da mita kamar sabon ɗan koyo.

Da hannunta ya shiga ƙarƙashin mazaunin batir, lambar ta yi tsalle ta ɓace, ta dawo. Ya faɗa mata. Ta sake lanƙwasawa, ta sake ɓacewa.

Suka cire batir da farantinsa. Wari ne ya fara tarbarsu. A ƙasa, inda ido ba ya kaiwa daga sama, an yayyage audugar da ke rufe jikin ƙarfe, ga ɓawon ƙwai, ga gashi ruwan ƙasa a maƙale. Wayar kuwa in ka kalle ta sama-sama lafiya take. Sai da Silke ta ja ta zuwa haske aka ga 'yan ramuka kamar na allura, bibbiyu a jere, wuri huɗu. A ɗaya daga ciki tagullar ta tsinke a cikin rigarta, tana taɓawa tana saki, shi ya sa fitilar ke jiran kwana kafin ta kama.

Sai yanzu Ottmar ya gane abin da Wendelin ya yi ta ƙoƙarin gaya masa. Babu yaron da ya tashi a ƙauyukan nan bai san wannan ba. Marda ba ya lalata motar da yake kwana a ciki, tasa ce, ya sa mata warinsa. Sai in motar ta je ta kwana a yankin wani mardan, wancan ya shiga ya bar nasa warin, ta dawo gida. A nan ne na gida yake haukacewa, musamman da bazara, ya bi duk inda ya ji warin baƙo da cizo. Tsayawar rana a bakin kanti ba ta jawo wannan. Sai kwana, kuma ba sau ɗaya ba.

Silke ta daɗe tana juya wayar a tsakanin yatsunta. Wendelin, wanda a rayuwarsa bai taɓa iya yin shiru a inda ya dace ba, ya yi gyaran murya ya ce ai wani lokaci baƙon marda kan ratso unguwa, bara ma an yi haka a gidan su wane. Ta ce masa, cikin ladabi, ta gode, amma in baƙo ne ya ratso da motarsa da ke fili ita ma ta samu rabonta. Wendelin ya tuna cewa ya bar wani abu a kan wuta, ya tafi da tsintsiyarsa.

"A ina take kwana, Baba?"

Ƙaryar da ya tanada ta kilomita ce, ba shi da ta kwana. Ya tsaya da mita a hannu yana neman wata, bai samu ba, ya kuma ji ya gaji da nema. Ya ce a Lautersteig. Ya faɗi sunan Irmtraud. Ya ce Talata da Laraba, tun Janairu, kuma mutuniyar kirki ce, kuma ya so ya faɗa mata tun tuni. Da ya fara sai ya kasa tsayawa, har zancen cikar shekara saba'in da 'ya'yan da za su zo ya faɗa, kamar wanda ake bi da bulala.

"Duk yamman da na bugo ka ce mini kana kicin?"

"Ina kicin," ya ce. "Ba namu ba."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta hau sama ta sauko da akwatin aikinta. Ta yanke inda aka ciza, ta feƙe bakin wayoyin, ta kawo sabon guntu ta like da dalma, ta zura musu riga ta gasa ta kama, ta naɗe duka da bututun roba mai tauri. Like da dalma ba ya ƙara, saboda haka ƙarfe ɗaya ta yi ta wuce babu wanda ya leƙo. Duk tsawon aikin abin da ta ce masa bai wuce "riƙe nan" da "saki" ba. Ya riƙe, ya saki. Aikin da ta yi mai tsabta ne, ya fi wanda shi zai yi, ya so ya faɗa mata, ya ga ba ranar yabo ba ce.

Suka mayar da batir, suka ɗaura taya. Ita ta zauna a kujerar direba, ta goge lambar, ta tayar. Ya ga idonta ya sauka a kan kilomita, ya tsaya kaɗan, ya wuce. Ta ja motar zuwa ƙarshen layi, ta karya kwanar coci, ta ɓace. Minti ashirin ta yi, abin da minti uku ya isa. Yana tsaye a inda ta bar shi yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

Da ta dawo ta ce fitila ta mutu, ta taka birki a kan tsakuwar bayan makaranta, na'urar tana aiki. Ya ji wani sanyi a ransa, zai je ranar Talata ke nan, nan take kuma ya ji kunyar wannan sanyin. Sai ya ga ba ta ajiye motar a ƙarƙashin bishiyar tuffa inda take zama ba. Ta bar ta a kunne a bakin titi, ta buɗe gareji ta fito da tata, sabuwa fil, wadda ko ledar kujerar baya ba a gama cirewa ba. Ta koma ta shigar da ta Hannelore cikin garejin a hankali, ta kashe, ta jawo ƙofa ta rufe.

Ta zo ta miƙa masa makullin motarta. Ta ce ranar Litinin abokin aikinta zai biyo ya ɗauke ta, ba ta bukatar mota sai Juma'a.

"Ka je, Baba. Ban hana ka ba, ba ni da ikon hana ka. Amma ba da ta Mama ba. Ta Mama a gida za ta riƙa kwana."

Ya kalli makullin a tafin hannunsa. Abin da ya zo bakinsa shi ne maganar bakanike: ita ma tata in ta kwana can ta dawo nan, haka za su yi mata, wayoyinta kuma sun ninka na waccan tsada.

"Na sani," ta ce. "Su ci."

Ta cire rigar aikinsa ta rataye, ta ɗauki jakunkunanta biyu daga matakala. Makullin garejin kuwa ba ta mayar da shi kan ƙusarsa ba, a aljihunta ya hau sama.